'Yar da Yaya Ta Goya a Guangzhou

Gwammaja, Kano
12 ga Afrilu, 1998

Zuwa ga Kawu Mas'udu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kun yi Sallah lafiya, kai da Yaya. Mu nan lafiya lau, sai ƙafar Inna da ke tashi idan ta daɗe a zaune. Ta ce in gaya maka man zafin da ka aiko ya yi mata amfani, amma ka daina aiko mata takalman roba, ƙafa biyu Allah ya ba ta.

Alhaji Alhasan, ɗan kasuwar nan mai zuwa saro kaya wajenku, ya kawo saƙo da kansa. Na gode da jakar makaranta. Mun fara zango na uku, kuma na zo ta huɗu a ajinmu.

Babban labari shi ne Malam ya sa ranar saukarmu, Asabar ta biyu a watan Agusta. Ina cikin Baƙara yanzu. Kawu, don Allah ka tuna wa Yaya. Ranar da za ku tafi, shekara uku ke nan, ta gaya wa Inna a gabana cewa ko tana ina za ta zo saukar nan. Ba ni ta gaya wa ba, amma na ji.

Sai maganar hoto. Na ga ka yi ƙiba. Na ga kuma Yaya a bakin wata taga, da yarinya a hannunta, ta haɗa kumatunta da nata tana dariya har haƙoranta a waje. Inna ta kai hoton kusa da ido ta ce, "Wannan kuwa ita ce?" Ni ma sai da na sake dubawa.

Ka san ban taɓa yin ƙorafi ba. Na san ni 'yar fari ce, na san kunya ce ke hana ta kiran sunana ko zama kusa da ni. Inna ta karɓe ni tun ranar yaye, na tashi ina ce wa mahaifiyata Yaya kamar yadda na ji kuna ce mata, kuma Inna ba ta rage ni da komai ba. Tambaya kawai nake yi. 'Yar waye?

Ka gaishe ta. Ba sai ka karanta mata wannan ɓangaren ba.

'Yarka,
Madina

Sanyuanli, Guangzhou
3 ga Mayu, 1998

Malama Madina,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Ki gaida Inna, ki ce mata takalma suna hanya, ba ruwana. Nan ruwa ake yi kullum, wanki ya kwana uku a igiya bai bushe ba, jiragen saman filin jirgi na Baiyun kuma suna wucewa ta kan rufinmu kamar za su kwashe eriya. Ta huɗu? Su waye ukun nan, mu aiko musu da kaya su shagala?

Ƙibar da kika gani aikin Yaya ce. Gidanmu ya zama gidan tuwo na duk wanda ya gaji da taliyar Sinawa. Da azahar 'yan Kano da 'yan Maraɗi sai su taso daga kasuwar Canaan da ƙullin kayansu, su cika mana falo.

Yarinyar sunanta Saffana, ta shekara ɗaya da ɗan wani abu. Ubanta Harouna, mutumin Maraɗi ne, yana ɗakin da ke ƙasan namu. Uwarta Mariama ita ke taya Yaya tuƙa tuwo. Kafin Sallah zazzaɓi ya kama ta, aka kai ta asibiti, ba ta dawo ba. Allah ya jiƙanta. Harouna kullum yana hanyar masana'antu wajen gari, ba shi da mace ko ɗaya a dangi a ƙasar nan. Ranar da muka dawo daga maƙabarta ya tsaya a ƙofa da yarinya a kafaɗa. Yaya ta miƙa hannu kawai ta karɓe ta.

Yanzu ba ta cin komai sai daga hannun Yaya. Akwai wata tsohuwar Basiniya a gidan da ke hawo mana da kunun shinkafa saboda ita. Kuma kin san kalmarta ta farko? "Meyo." Haka masu shago ke cewa idan babu kaya. Ka ce mata, Saffana ina Kawu? Sai ta buɗe hannu ta ce meyo. Yaya takan yi dariya har ta zauna. Jiya ta ce min ba ta taɓa jin daɗin riƙon yaro irin wannan ba.

Maganar sauka na tuna mata. Ta ce tana sane. Matsalar ita ce a nan aka haifi Saffana, ba ta da fasfo, sai Harouna ya je ofishin jakadancinsu a Beijing, shi kuma sai jan ƙafa yake yi. A ganina tsoron komawa gida yake yi. Uwar Mariama tana nan a Bagalam a Maraɗi, tun farko ba ta so aka kawo 'yarta nan ba, ita ya kasa haɗa ido da ita. Yaya kuwa ta ce ba za ta hau jirgi ta bar yarinya a baya ba. Mu dai yi addu'a.

Ki dage da Baƙara.

Kawunki,
Mas'udu

Gwammaja, Kano
24 ga Mayu, 1998

Zuwa ga Kawu Mas'udu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Inna tana lafiya. Allah ya jiƙan Mariama, ya raya abin da ta bari.

Na karanta wa Inna wasiƙarka. Da na zo wajen da Yaya ta ce ba ta taɓa jin daɗin riƙon yaro irin wannan ba, sai na tsallake. Ni kam na karanta shi sau da yawa. Yara nawa Yaya ta taɓa riƙewa, Kawu? Bayan ni ba wanda ya rayu. To da wa take gwadawa?

Ba fushi nake yi ba. Na yi tunani ne sosai, kuma ina ganin kun yi kuskure. A Islamiyya an koya mana cewa idan uwa ta rasu, kakar yaro ta wajen uwa ita ta fi kowa cancantar riƙonsa. Saffana tana da kaka a raye. Ba daidai ba ne ta tashi a gidan haya, cikin hayaƙin girki, tana koyon maganar masu shago tun kafin ta iya cewa Inna. Yaro a cikin danginsa ya kamata ya tashi. Ni ma ai a wajen kakata na tashi, kuma ba wanda ya ce an zalunce ni.

Saboda haka na yi wani abu, kuma gara ka ji daga bakina. Akwai Habsatu a ajinmu na sauka, babanta yana kai atamfa Maraɗi duk mako. Na rubuta takarda na ba ta, ya kai Bagalam ya nemi gidan su Mariama matar Harouna na ƙasar Sin. Bai sha wahala ba, kowa ya san gidan da aka yi zaman makoki. Na gaya wa kakar gaskiya kawai: jikarta tana hannun wata mata da ba danginta ba, mai sayar da abinci, kuma ubanta ba ya zama. Ban sa sunan kowa ba. Ban gaya wa Inna ba.

Idan suka karɓi 'yarsu, Yaya ta huta, kuma ba abin da zai hana ta zuwa a Agusta. Kowa ya samu nasa.

An ba mu anko, shuɗi ne mai haske. Ka tambaye ta ko tana son a yanka mata.

Madina

Gwammaja, Kano
28 ga Yuni, 1998

Kawu,

Assalamu alaikum. Lafiya dai ko? Alhaji Alhasan ya dawo ranar Talata. Na je har shagonsa a Kantin Kwari, ya ba ni takalman Inna, ya ce babu takarda. Na ce ko ta shige cikin kaya, ya duba ya ce babu. Na tambaye shi Yaya, ya ce tana nan, sai dai ranar da ya je cin tuwo ba a yi girki ba.

Ba ta da lafiya ne? Ko kai ne ka yi fushi da ni?

Na sayi nata ankon da kuɗin tarata, ban kai ɗinki ba saboda ban san awonta ba. Na tambayi Inna, ta ce ita ma ta manta.

Na gama Baƙara. Don Allah ka rubuto, ko faɗa ne.

Madina

Sanyuanli, Guangzhou
19 ga Yuli, 1998

Madina,

Wa alaikumus salam. Lafiyarmu ƙalau, ba wanda ya kwanta. Ki gaida Inna. Na ƙi rubutu ne saboda abin da zan rubuta a lokacin ba zai yi kyau ba.

Takardarki ta isa. Uwar Mariama ta tara 'yan'uwa, suka je gidan su Harouna, aka yi ta har sai da liman ya shiga. Daga nan suka bugo waya shagon wani ɗan garinsu a titin Guangyuan, aka kira Harouna a gaban mutane. Ashe ce musu ya yi yarinya tana wajen matar wani ɗan'uwansa. Ya hawo sama idonsa jajir, muna tsakiyar sallamar masu cin abinci. Ya ce, "Hajiya, mi na yi muku? An rubuta ma surukata daga Kano wai ɗiyata na hannun wata mata mai tuwo, tana kwana cikin hayaƙi."

Yaya tana riƙe da mara. Ta ce, "Daga Kano?"

Ya ce, "Daga Gwammaja. Ɗiyar makaranta ce ta rubuta, an ce."

Ba ta kalle ni ba. Ta ajiye marar, ta goge hannu, ta ce, "Gaskiya aka faɗa. Ni wata mata ce." Ta shige ɗaki da Saffana. Kwana biyu ba a hura wuta a gidan nan ba.

Hukuncin da kika kawo daidai ne, ban musa ba. Ni ma na sha gaya wa Harouna ya sanar da su. Amma ke kin san ba don hukuncin kika rubuta ba.

Maganar da ta tsaya miki a rai, laifina ne da na rubuta ta haka tsirara. Ina ƙarami lokacin da aka haife ki amma ina tunawa. Shekarunta goma sha bakwai, gida cike da gwaggwanni, idan kika yi kuka ta tashi da sauri sai a yi mata dariya, a ce ji marar kunya. Sai ta koyi zama har wani ya miƙo mata ke. A nan ba gwaggo ko ɗaya. Ba wanda ya san ana jin kunyar ɗa. Abin da na fahimta ke nan, ita ba ta yi min bayani ba, kuma ba zan sa mata magana a baki ba. Ban ce wannan zai sanyaya miki rai ba.

Ga labarin da kike jira. Da matsi ya yi yawa Harouna ya hau jirgin ƙasa ya je Beijing, takarda ta fito. Da farko sun ce a ba wata 'yar kasuwa mai komawa Yamai ta tafi da ita, matar da yarinyar ba ta taɓa gani ba. Yaya ta ce ba za a aika ta kamar ƙullin kaya ba, ita za ta kai ta da kanta. Harouna zai rako su har Kano saboda takardu, ya juyo. Za su iso farkon Agusta. Kakar za ta zo nan gidan Inna ta karɓa.

Kin ga ke nan za ta zo saukarki.

Tsohuwar Basiniyar nan ta ɗinka wa Saffana wasu 'yan takalman yadi ja. Ta hawo da su jiya, ta zauna a kujerarmu tana ta magana, ba mai jin ta, Yaya na amsa mata da Hausa.

Ankon ki kai a yanka da awon Inna, a rage kaɗan a kafaɗa. Ta rame.

Mas'udu

Gwammaja, Kano
10 ga Agusta, 1998

Zuwa ga Kawu Mas'udu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kuma ka samu mai yi maka girki. Sun iso lafiya. Inna tana gaishe ka. Na gaya mata abin da na yi tun kafin su zo. Sai kawai ta ce in ɗauko mata buta.

An yi sauka shekaranjiya. Na yi karatuna ban yi tuntuɓe ba. Yaya ta sa ankon. Ta zauna can layin baya, kamar yadda na san za ta yi. Da aka kira sunana mata suka yi guɗa, Inna ta taso da sandarta ta rungume ni. Na leƙa ta kan kafaɗar Inna. Yaya ta sunkuyar da kai tana gyara wa Saffana takalmi.

Kawu, zan gaya maka gaskiya tunda ka riga ka san halina. Na so in tsani yarinyar nan. Kwanaki na yi ina kallon yadda take hawa cinyar Yaya ba sallama, ta ja mata ɗankwali, ta cusa mata yatsa a baki. Ni ko gaisuwa daga bakin ƙofa nake yi. Amma ba ta san komai ba. Ranar da suka zo ta biyo ni har madafa ta kama zanina, na rasa yadda zan yi, na ba ta ƙosai. Har yanzu idan na gan su tare kishi yana taso min. Na yi istigfari, bai tafi ba.

Jiya kakar ta iso, ita da ƙanin Mariama. Na zaci wata mafaɗaciya zan gani. 'Yar tsohuwa ce ƙarama, ta fi Inna tsufa. Tana shigowa ta hango Saffana a tsakar gida, sai ta zauna a kan turmi. Ta ce, "Mariama ce. Wallahi Mariama ce tana ƙarama." Ta ce tun da aka tafi da 'yarta ko hoto ba ta samu ba, ko kabarin ba za ta gani ba. Ta ce, "Ina ɗiyar da ta yi mani takarda? Allah shi yi miki albarka, ɗiyata. Ba don ke ba da ban san inda jinina yake ba." Ta riƙe hannuna tana ta sa min albarka a gaban Yaya. Ban taɓa jin kunya irin ta lokacin ba.

Sannan ta juya wajen Yaya ta ce, "Ke ce mai tuwon?"

Yaya ta ce, "Ni ce."

Tsohuwar ta dubi kumatun Saffana da ƙafafunta, ta ce, "To, tuwon ya karɓe ta."

Inna ta yi dariya, ita kaɗai.

Da aka zo miƙawa abin ya ƙi. Saffana ta ƙanƙame wuyan Yaya tana ihu, tsohuwar ta miƙo hannu ta janye, ta sake miƙowa. Sai Yaya ta fashe da kuka. A tsakar gida, Kawu, a gaban baƙi, a gaban Inna, da sauti. Tana cewa, "Saffana, Saffana, yi haƙuri uwata." Na tsaya a jikin bango ina ƙirga sau nawa ta kira sunan. Ko a wannan halin abin da na yi ke nan. Allah ya yafe min.

Inna ce ta raba. Ta buga sandarta a ƙasa ta ce, "Kai, ku dakata. Yaro ba akuya ba ne da za a kwance daga wannan turke a ɗaure a wancan." Ta ce Yaya ta bi su Maraɗi ta yi mako ɗaya ko biyu, har yarinyar ta saba da hannun kakarta, ta fara karɓar abinci a wajenta. Tsohuwar ta ce gidanta gidan Yaya ne, yanzu da ko yaushe, kuma duk zuwan da za ta yi daga ƙasar Sin sai ta biyo ta ga ɗiyarta. Haka ta ce, ɗiyarta. Aka tsaya a kan haka.

Bayan la'asar ina wanke kwanuka a bakin rijiya, Yaya ta fito ta tsaya kusa da Inna, bayanta yana gare ni. Ta ce, "Inna, hanyar da nisa, kuma dawowa ni kaɗai ce. Ki ce wa waccan ta haɗa kayanta."

Inna ta ce, "Ga ta nan a bayanki, ba kurma ba ce."

Yaya ba ta juyo ba. Ta ce, "Ai ta ji."

Ba ta yi min maganar takardar ba, ko sau ɗaya. Ban sani ba ko ta yafe, ko so take ta kai ni in ga abin da na jawo da idona. Wataƙila duka biyun ne. Na nemi in ba ta haƙuri yau da safe, na je har ƙofar ɗakin, na ce ina kwana, ta ce lafiya, na dawo.

Gobe za mu tashi daga tashar Ƙofar Ruwa. Ƙanin Mariama ya ce za mu yi yini a hanya saboda tsayawar iyaka. A tafiya akwai mutane, akwai Saffana a tsakani. Dawowar nake tunani. Kujera ɗaya, ni da ita, daga Maraɗi har Kano. Ban taɓa zama kusa da ita na tsawon cin abinci ba ma.

Kai ka zauna da ita shekara uku. Wace irin hira take so? Tana son a yi mata tambaya, ko ta fi son a yi shiru? Idan barci ya ɗauke ni na jingina da ita, za ta ji haushi?

Na san amsarka ba za ta iso ba sai mun dawo. Ka rubuto duk da haka.

'Yarka,
Madina